Hannun Rigar Obadiya

Yaƙi ya ƙare da shekara guda cur kafin sojoji su tuna cewa Obadiya yana da uwa. Abin da suka aiko wa Afiniki a Fadan Kaje riga ce ta kaki, da wata takarda da fasto ya karanta mata. Ba gawa, ba kabari, ba ko mutum ɗaya da ya tako ya ce sannu. Dattawan gida suka ce a binne rigar ran Asabar, a yi addu'a, kowa ya huta.

Afiniki ta ɗaga rigar ta duba, ta ce ba mai binne ta. Ɗanta dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta. Hannun wannan riga da ƙyar zai wuce masa gwiwar hannu. In rigar ba tasa ba ce, to takardar ma ƙarya ce, yaron yana can wani wuri yana numfashi.

Ran Alhamis ta hau motar Kafanchan. An ce mata a shagon Martins tela, kusa da tashar jirgin ƙasa, za ta sami Kambai, wanda ya yi yaƙi tare da Obadiya ya dawo yana ɗingishi.

Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba. Ta shimfiɗa rigar a kan tebur.

"Kai ne Kambai? Ni uwar Obadiya ce. Rigar wa suka ba ni?"

Martins ne ya riga kai hannu, halin tela. "Mama, ɗinki ne mai kyau fa. Dubi aljihu, kowanne da murfi da maɓalli. Yadin nan sai ya shekara biyar bai yage ba."

"Tela, ka taɓa kwanciya a rami da ita?" in ji Kambai. "In ruwa ya dake ta, kwana uku ba ta bushe ba, ta yi ta goge maka hammata har jini. Maɓallin nan da kake yabo, kafin ka ɓalle shi an gama da kai."

"Ai don kada kaya su zube ne in ana gudu."

"Wa ya ce maka gudu muke yi?"

"To, harsashin dai ta baya ya shiga ƙafarka."

Afiniki ta daki tebur har almakashi ya yi tsalle. "Aljihu, aljihu! Ina sunansa? Buhun citta ma sai an rubuta sunan mai shi kafin a sa a jirgi. Ku an kwashe ku dubu-dubu, an zuba ku cikin riga iri ɗaya. In mutum ya faɗi, da me za a gane ɗan wane ne?"

Kambai ya jawo rigar, ya juya hannunta, ya daɗe yana kallo.

"Mama, tasa ce."

"Ƙarya kake, ɗana."

"Ba a gwada mutum a soja, Mama. Babba, matsakaiciya, ƙarama, shi ke nan. Ranar da aka raba mana, manyan sun ƙare kafin layi ya zo kansa. Ya roƙi a canja masa, aka ce ya bari sai bayan yaƙi. Shi ya sa kullum yake naɗe hannun, don kada mu yi masa dariya. Ga wurin naɗin nan, har ya koɗe." Ya ajiye rigar. "Biyu aka ba shi. Da ɗayar muka rufe shi. Ina wurin."

Ta sa yatsa ta bi layin da ya koɗe, a hankali. Shekara nawa ke nan, hannuwan nan a waje, sauro na ci, ruwa na duka. Yaron da in damina ta kama, sai ta dafa masa citta saboda tari. Ta so a ce ƙarya Kambai yake. Ta duba fuskarsa, ba ta sami ƙaryar ba.

"Zan je Kaduna," in ji ta. "Sai na ga wanda ya ce masa ya bari." Ta tura wa Martins rigar. "Amma tukuna, ƙara masa hannu."

"Mama, rigar da za a binne jibi?"

"Na ce ka ƙara. An ce sai bayan yaƙi, ai ya ƙare."

Martins ya dubi Kambai, Kambai ya kau da kai. Tela ya sauko da abin awo daga wuyansa.

"Ba ni da awonsa, Mama."

Afiniki ta miƙe tsaye. Ta ɗaga hannu ɗaya sama da kanta, daidai inda kafaɗarsa take tsayawa, ta sauke ɗayan ƙasa, inda wuyan hannunsa yake kaiwa. Martins ya matso ya auna tsakaninsu.