Ɗaki Goma Sha Huɗu a Gonar Rogo

Ranar Lahadin da Amankwa ya dawo daga garinsu yana washe baki, matarsa Pokuaa tana tsakiyar kirɓa sakwara. Tun bai cire takalmi ba ya yi mata albishir: Kawu Ntim, babban danginsu, ya ba shi fili kyauta a jikin tsohon gidan danginsu, ya ce ya je ya gina nasa. Taɓarya ta tsaya cak a sama.

Shekara goma sha tara suna haya a Kumasi, shi yana sayar da kayan gyaran mota a unguwar Suame, ita tana sayar da atamfa a kasuwa, kuma babu abin da take so a duniya kamar gidan kansu. Amma ba a wannan fili ba. Tana 'yar shekara tara mahaifinta ya rasu, gidan da ya gina da guminsa kuwa a ƙasar danginsa yake. Kwana arba'in cif da binne shi 'ya'yan 'yar'uwarsa suka zo da sabon kwaɗo. Ba su ɗaga murya ba, har taya mahaifiyarta ɗaure tukwane suka yi. A al'adarsu, abin da aka gina a ƙasar dangi na dangi ne, 'ya'yan mutum kuwa na dangin uwarsu ne, wannan ko yaron goye ya sani. Ga shi ita ma tana da 'ya'ya uku, Akoto da Nyarko da Konadu.

Ta tuna masa da gonar rogonta da ke bakin titin garin nasa, wadda ta saya da ribar atamfa, takarda da sunanta. Amankwa ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi da gemunsa ya yi gini a filin mata? Ai abokansa na Suame sai su ce har wandonsa ita ke zaɓar masa. Ya ƙara da cewa shi bai ma shirya mutuwa ba tukuna.

"Mahaifina ma bai shirya ba, maigida," ta ce, ta ci gaba da daka.

Da ta ga ba za ta iya raba shi da filin ba, sai ta koma kan zanen. Washegari ta hau matakalar shagon Mista Gyamfi, mai zanen gidaje, wanda ke saman wani kantin fenti. Ta ce masa tana son gidan da ba wanda zai gani ya yi kwaɗayinsa: ɗaki uku, falo ƙarami, banɗaki ɗaya, ba baranda, ba tsakar gida, fuskarsa kuma kamar ta sito. Gyamfi ya sauke tabarau ya dube ta. Ya ce shekararsa talatin yana wannan aiki, bai taɓa samun wanda ya nemi mummunan gida da gangan ba, yawanci da kansa yake fitowa. Amma ya zana.

Ranar Asabar Amankwa ya tafi jana'iza garinsu da zanen a hammata. Ya dawo da shi duk ya sha fensir. Kawu Ntim ya tambaya ina za a kafa rumfuna idan an yi rasuwa, kuma wane irin falo ne wannan da ba zai ɗauki gadon da ake shimfiɗe mamaci a kai da masu zagaya shi ba? Dufie, yayar Amankwa, ta zana wa kanta ɗaki mai ƙofarsa daban a inda madafa take. Shi kansa Amankwa ya dawo da ciwon ginshiƙi, don ya ga Boadu, wanda suka koyi sana'a tare, ya kafa huɗu a gaban gidansa.

Mako uku ana wannan kokawa. Litinin Pokuaa ta je ta sa a goge, Asabar dangi su mayar har da ƙari. Takardar ta sha gugar duniya har ana iya hango haske ta cikinta. A mako na huɗu Gyamfi ya ajiye fensir ya haɗa tagumi.

"Madam, don Allah ki roƙe su su daina. Filin nan ƙafa saba'in ne da hamsin, ga rijiya a baya, ƙasar kuma dausayi ce, ba ta ɗaukar bene. Yanzu ɗaki bakwai ne da ƙyar. Aka ƙara biyu, sai dai a ɗora su a kan maƙwabta."

Pokuaa ta jujjuya magogin fensir da ke hannunta. Ta tambaye shi, to idan suka kai goma fa? Ya ce ko da man shanu aka shafa wa gidan ba zai shiga ba. A hankali ta ajiye magogin a kan tebur, ta tura masa abinsa.

Asabar ɗin da ta biyo ita ma ta bi mijinta, da burodin Kumasi guda shida da turmin atamfa. Ta durƙusa ta gaida Kawu Ntim, ta ce ita fa abin yana damunta: dattijo kamarsa, mai raba gardamar dangi, a ce ba shi da falonsa na kansa mai fanka? Ta juya ga Dufie ta ce Yaya, mace mai 'ya'ya maza huɗu da ɗaki ɗaya, ina za su sa matansu? Ta tuno da wani ɗan'uwa da ke Tamale wanda su kansu sun manta da shi. A hanyar dawowa ta ce wa Amankwa idan Boadu yana da ginshiƙi huɗu, ita ba ta ga dalilin da zai hana mijinta shida ba, da bene, da matakala mai lanƙwasa ta waje yadda duk mai wucewa zai ga saukowarsa, da zakuna biyu na siminti a bakin ƙofa.

Amankwa ya riƙa kallonta kamar ranar ya aure ta, har ya kusa faɗawa rami. Dufie kuwa ta bi gari tana cewa addu'ar da ta daɗe tana yi wa matar ƙanenta a coci ta karɓu.

Sai da Gyamfi ya manna takarda biyu kafin gidan ya samu wurin zama. Ɗaki goma sha huɗu, kowanne da sunan mai shi da fensir. Ya so ya yi magana, Pokuaa ta ce masa aikinsa zane ne, awo kuma ai akwai ranarsa.

Ranar ta zo. Dangi suka taru da safe a jikin tsohon gida, magini ya buga turken farko, aka fara jan igiya. Igiya ta tsallake rijiya. Ta ratsa garken awakin maƙwabci. Kusurwar babban falo, inda za a ajiye gadon mamaci, ta je ta faɗa farfajiyar coci. Gyamfi ya naɗe tef ɗinsa ya ce abu biyu ne: ko a yanke ɗaki bakwai da benen gaba ɗaya, ko a nemi wani fili.

Nan fa aka ga ƙaunar dangi. Dufie ta ce a fara da falon Kawu, tunda ƙarƙashin mangwaro ya ishe shi shari'a shekara da shekaru. Kawu ya ce 'ya'yanta huɗu ba wanda ya taɓa kawo ko bulo ɗaya gidan nan. Amankwa ya ce a yanke kowa amma kada a taɓa masa ginshiƙai. Pokuaa tana zaune a kan benci tana ɓare lemo.

Dufie ce ta tuna. Ta dafa ƙirji ta ce af, ba matar ƙanenta tana da wata gonar rogo a bakin titi ba, shimfiɗaɗɗiya, ƙasa mai tauri?

Amankwa ya murtuke fuska ya ce shi ba ya gini a filin mata. Kawu Ntim ya gyara mayafinsa a kafaɗa ya yi masa faɗa a gaban kowa. Ya ce girman kai rawanin tsiya ne, miji da mata abu guda ne, ƙasa kuma ƙasa ce, duk ta Allah ce. Mutumin da ya shekara talatin yana yanke shari'ar filaye, ranar idonsa na kan falo mai fanka. Aka juyo kan Pokuaa. Ta sunkuyar da kai ta ce ita dai tana son rogonta, bai ma gama nuna ba. Sai da Dufie ta riƙe mata gwiwa, Kawu ya kira ta 'yarsa sau uku, sannan ta ce to, tunda manya sun matsa.

Mako biyu bayan haka aka tuge rogo. Ranar haƙa harsashi igiya ta zagaye ɗaki goma sha huɗu tsaf, har da ragowar wurin kafa rumfuna. Amankwa ya tsaya a inda ginshiƙai za su tashi yana kallon titi, ko Boadu zai wuce. Kawu Ntim ya buɗe kwalbar barasa, ya zame takalmi, ya fara tsiyaya wa ƙasa yana kiran kakanninsu ɗaya bayan ɗaya su zo su tsare gidan ɗansu.

Yana kan kiran na biyar motocin haya biyu suka tsaya a bakin titi. Mutane suka yi ta fitowa kamar an fasa gidan tururuwa, sanye da farin zane na murna. Pokuaa ta gane su tun daga nesa: danginta ne, 'yan'uwan mahaifiyarta da 'ya'yansu. Ba ta gayyace su ba, amma labarin gida mai zakuna ba ya jiran gayyata. A gabansu yayanta Kwarteng ne, wanda ya taɓa zuwa gidan hayarsu kwana uku ya shekara biyu.

Kwarteng ya bi layi ya gaisa da kowa hannu da hannu. Da ya iso wurin Kawu Ntim, sai ya sa hannu biyu cikin ladabi ya karɓi kwalbar.

"Suruki, sannu da ƙoƙari. Amma kakanninku ba su san wannan ƙasa ba, kada su zo su ɓata hanya. Ƙasar 'yarmu ce. Bari mu kira namu."

Ya kira su kuwa, tiryan-tiryan, ya gode wa surukai da suka ga dacewar gina wa 'yarsu da jikokinsu irin wannan gida. Kawu Ntim ya dubi ƙasar da ya jiƙa da barasa. A fuskarsa ana iya ganin shari'o'in shekara talatin suna dawo masa ɗaya bayan ɗaya, duk a makare. Dufie ta nemi wuri ta zauna a kan tarin rogo.

Pokuaa ta dubi 'ya'yanta uku da ke tsaye a cikin igiya, fargabar da take ɗauke da ita tun tana shekara tara ta sauka. An faɗa a gaban shaidu, an tsiyaya wa ƙasa. Ko yau Amankwa ya faɗi, ba mai zuwa da sabon kwaɗo.

Daɗin bai gama ratsa ta ba ta ji Kwarteng yana neman zanen a wurin Gyamfi. Ya shimfiɗa shi a kan bonet ɗin mota, iyayenta mata suka yi masa rumfa. Ya bi ɗakunan da yatsa yana karanta sunayen, ya jinjina kai, ya ce lallai ƙanwarsa ba ta manta da kowa ba, sai dai an yi kuskure wajen rubutu. Ya tambaya ko Mista Gyamfi zai ara masa magogi.

Pokuaa ta ja Gyamfi gefe ta yi ƙasa da murya. Ta tambaye shi ko zanen nan na farko yana nan, mai ɗaki uku, mai fuskar sito.

"Madam, ai shi ne wannan," ya ce. "Shi muka yi ta gogewa."

Ta juya ga mijinta ko zai ce wani abu. Amankwa yana can yana nuna wa magini inda zakuna za su zauna. Shi dai ba a taɓa masa ginshiƙai ba.

"Ƙanwata," Kwarteng ya ɗago daga kan takarda, "wanne ne mai kallon titi, mai fanka?"

Ta sake duban Akoto da Nyarko da Konadu. Ta dubi motocin haya biyu, waɗanda har an fara sauke katifa daga saman ɗaya.

"Na Kawu Ntim ne, Yaya," ta ce. "Goga a hankali, takardar ta yi laushi."