Alkawarin da Aka Cika wa Wilf Heslop

Babu wani yanki a duk faɗin Ingila da ake sauraron talaka kamar yankinmu. Tun ranar da aka rufe ramin kwal na ƙarshe ake sauraronmu. An saurare mu a majami'a, an saurare mu a ɗakin karatu kafin a kulle shi, an saurare mu a wurin ninƙaya kafin a cike shi da ƙasa. Duk mai zuwa sauraro da shayinsa da biskit yake zuwa, kuma ba a taɓa samun wanda ya tafi bai yaba da yadda muke faɗin gaskiya ba.

Saboda haka da aka sanar cewa masu neman kujerar magajin gari ta yankin za su zo garinmu Harnside su yi muhawara kan gidaje da farfaɗo da unguwanni, ba wanda ya motsa sai ƙungiyar masu tseren tattabaru. Tsofaffi ne 'yan kaɗan, ɗakunan tsuntsayensu suna kan tudun da ke bayan tsohon ramin kwal tun zamanin kakanninsu. Tudun nan ne za a share a gina gidaje. Ƙaramar hukuma ta ce nan gaba za ta ba su wani wuri a bayan garejin bas, kuma kowa ya san tsawon "nan gaba" a bakin hukuma. Amma zaɓe yakan sa abubuwa su motsa, shi ya sa hankalinsu ya tashi.

Abin da suke so bai da yawa. A bar su a kan tudun 'yan shekaru, har tsofaffin tsuntsayen su gama zamaninsu, su kuma su riƙa ƙyanƙyasar sababbi a sabon wurin. Tattabarar tsere gida ɗaya ta sani, inda ta fara leƙa sama tana 'yar shila. Ka kai ta Faransa ka sake ta, can za ta dawo. Ka mayar da ɗakinta tsallaken titi, can ɗin dai za ta koma ta tsaya.

Wilf Heslop aka zaɓa ya yi magana, domin shi kaɗai ke da kwat mai kyau kuma ba ya ashar. Stan Pringle, maƙwabcinsa a tudun kuma abokin hamayyarsa a tsere, ya fi shi baki, amma an hana shi shiga zauren da za a yi muhawarar tun da ya jefi wani kansila da kofin shayi.

"Ka tashi, ka faɗa, ka zauna," in ji Stan. "Kada ka tsaya gaishe-gaishe kamar ka je neman aure. Na san halinka, mutumina, kai ko turke ka yi karo da shi sai ka ba shi haƙuri."

Wilf ya ce ya ji. Yana da tsuntsaye da dama, amma tattabara guda ce a ransa, wata shuɗiya da ta taɓa ketaro teku cikin guguwa ta riga kowa isowa. Ya sa mata suna Beryl, sunan marigayiya surukarsa, domin ita ma ba ta jin magana, kuma duk inda aka kai ta sai ta dawo.

Matarsa Doreen ta goge masa kwat ɗin, amma ta gaya masa cewa guga kawai ta yi, ba goyon baya ba. Jikarsu Kayleigh da jaririnta a falonsu suke kwana tun bazara, a kan kujera, kayan yaro har kan talabijin.

"Tsuntsayenka kowa da ɗakinsa, Wilf," ta ce tana gyara masa wuyan riga. "Jikarka kuwa sai mun gama kallon labarai take samun wurin miƙe ƙafa. Ka je ka hana gini, ka dawo ka kalli idonta."

Ya ce shi ba hana gini zai yi ba. Ta ce to ya tabbata ya faɗi haka a gaban mutane.

Tsohon zauren ma'aikatan kwal ya cika. An jera 'yan takara uku a gaba, wata ma'aikaciyar rediyo tana raba musu magana da agogo a hannu. Akwai Gillian Elstob, wadda ta daɗe a ƙaramar hukuma kuma ta zo ne ta gyara ɓarnar da aka yi a lokacin da take ciki. Akwai Marcus Thirlwell, ɗan kasuwa, wanda ya naɗe hannun riga don a ga alamar aiki. Sai Dakta Nisha Varley, malamar jami'a, wadda ta zo a keke kuma ta tabbatar kowa ya sani.

Kowannensu ya fara da kakansa. Kakan Elstob ya yi aikin kwal. Kakan Thirlwell ya yi aikin kwal har ya rasa yatsa. Kakan Varley direban bas ne, amma ma'aikatan kwal yake ɗauka. Wilf, wanda ya yi rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta tunanin inda duk waɗannan kakanni suka ɓuya da bai taɓa cin karo da ko ɗaya ba.

Daga nan aka shiga gidaje. Elstob za ta gina dubbai. Thirlwell ya ce dubbanta na takarda ne, nasa na bulo ne. Varley ta ce dukansu bulo suke gani, ita mutane take gani, kuma ba za a farfaɗo da unguwa ba sai an zauna da al'umma. Thirlwell ya ce shi a cikin al'umma yake kwana. Elstob ta tambaye shi ko al'ummar ce ke da filin wasan tanis a bayan gida. Aka yi dariya, aka tafa. Game da tudun Harnside kuwa ba su da saɓani ko kaɗan, sai dai kan sunan da za a sa wa sabuwar unguwar.

Da aka buɗe fagen tambaya, Wilf ya ɗaga hannu irin ɗagawar mutanenmu, wato daidai kunne, kamar mai shirin sosa ƙeya idan abin bai yiwu ba. Yarinyar da ke yawo da makirufo ta nufo shi, sai ya ga wata mata a layin gabansa ita ma ta ɗaga nata. Ya yi mata nuni ta fara. Matar ta ce bangon ɗakin 'ya'yanta ya yi baƙi da laima, ƙaramin yana tari tun bara, ta kira ofishin gidaje har sun haddace muryarta. 'Yan takarar uku suka girgiza kai da alhini, suka ce wannan abin kunya ne, za a duba.

Sai dab da tashi makirufo ya iso hannun Wilf. Mai rediyo ta ce minti ɗaya gare shi.

Ya fara da ba da haƙurin cin lokacin jama'a. Ya gode wa 'yan takara da suka taso cikin wannan ruwan sama. Ya tuna da Doreen, wadda ta biyo shi tana zaune a gefensa, ya bayyana cewa shi ba ya adawa da gini ko kaɗan, jikarsa ma a falo take kwana da jariri. Ya ce shi dai wakilin masu tattabaru ne na kan tudu, kuma hukuma ta ce za ta mayar da su bayan garejin bas.

"To, maganar ita ce..."

"Mun gode, Mista Heslop," in ji mai rediyo. "Mista Thirlwell, kai za ka fara."

Thirlwell ya miƙe tsaye. Ya ce ga irin mutanen da suka gina ƙasar nan, dattijo ya yarda ya bar wurin kakanninsa saboda jikarsa, amma hukumar su Elstob ta bar shi da alkawarin baka. Idan ya ci zaɓe, sababbin ɗakunan tattabaru fil zai gina musu, da ruwan famfo. Elstob ta ce ba sai an jira shi ba, gobe da safe za ta ɗaga waya, kafin sanyi ya shigo an gama an mayar da su. Varley ta ce bai dace rayuwar dattijo ta rataya a kan sakamakon zaɓe ba. Su ukun su yi alkawari yanzu a gaban jama'a, ko wa ya ci, masu tattabaru ne za a fara mayarwa, kafin kowa.

Suka tashi suka haɗa hannu. Karo na farko ke nan da suka yi haka tun da aka fara yaƙin zaɓe, kuma mai hoto bai bari ya wuce ba. Zaure ya ɗauki tafi. Wani a baya ya buga wa Wilf kafaɗa.

Mai rediyo ta sa aka mayar masa da makirufo. "Mista Heslop, ka gamsu?"

Maganar tana bakinsa, a shirye, kalma biyar ko shida. Amma mutane suna ta tafa masa, Doreen tana share ido, matar da ɗanta ke tari ta juyo tana yi masa murmushi, ita da ba ta samu komai ba sai za a duba. A garinmu, mutum ba ya tashi a bainar jama'a ya ce kyautar da aka ba shi ba ita yake so ba. Ko abinci aka kawo maka a ƙone a gidan cin abinci, cewa kake ya yi daɗi, ka koma gida ka yi mita shekara goma.

"Na gode ƙwarai," in ji Wilf. "Kun kyauta."

Stan yana jiransa a ƙofar mashaya, labari ya riga ya iso masa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Wilf tsoro ke nan.

"Mun aike ka roƙon jinkiri, ka sayo mana gaggawa. Shekara nawa hukumar nan ba ta cike ramin da ke ƙofar gidana ba, kai cikin minti ɗaya ka tashe ta daga barci. Da kai muka tura lokacin rufe ramin kwal, da sun rufe shi da mu a ciki."

Wilf ya ce zai gyara. Washegari ya kira ofishin Elstob, wani saurayi mai ladabi ya ce kada ya damu, alkawari yana nan daram. Ya kira na Thirlwell, aka ce masa hotonsa ma yana bango. A ofishin Varley an saurare shi har ƙarshe, aka ce an fahimci fargabarsa, canji yana da wuya ga manya, kuma za a tabbatar ba a ɓata lokaci ba. Duk wanda ya yi wa bayanin halin tattabara sai ya ce abin sha'awa ne ƙwarai.

Elstob ce ta ci zaɓe. Kuma a karo na farko a iya tunanin mutanen Harnside, aka cika alkawari, har da saurin mako biyu. Ɗakunan sun yi kyau, ba ƙarya, koren fenti, ruwan famfo, ga warin sabon katako. Ta zo da kanta ta yanke kirtani, ta riƙe tattabara don hoto, a birkice, Wilf bai gyara mata ba.

Ya yi duk abin da ake yi. Ya kulle tsuntsayen makonni, ya haɗa Beryl da namiji har ta kwanta kan ƙwai, domin wani lokaci ƙwai yakan riƙe uwa. Ran nan da la'asar ya bar ta da yunwa, ya buɗe ƙofar shawagi, wadda tsuntsayen ke fita ta cikinta, ya tsaya yana kaɗa gwangwanin masara. Ta fito, ta zaga garejin bas sau ɗaya don ladabi, ta miƙe tudu.

Ya bi ta da kwando. An riga an baje tudun, babu komai sai taɓo da sawun katafila da shingen ƙarfe. Beryl tana tsaye a cikin taɓon, daidai inda ƙofar ɗakinta take a da, tana jiran a buɗe mata. Maigadin wurin ya ara masa hular kwano ya shiga ya ɗauko ta.

Haka aka yi ta yi. Ya sake ta, ta tafi, ya ɗauki kwando. Stan ya daina yi masa magana bayan shaho ya cinye wa shi Stan ɗin tsuntsaye uku a filin tudun, inda babu rufin da za su fake. A bakin shingen an kafa babban allo mai hoton gidajen da farashinsu. Kayleigh ta tura keken jariri ta je ta karanta, ta ga ko mafi arha ya fi ƙarfinta, ta dawo ta ɗora ruwan shayi.

Wata Juma'a maigadin ya karɓi hularsa ya tsaya yana juya ta a hannu. Ya ce ya yi haƙuri, baba, daga Litinin za a fara zuba harsashi, shugaban aiki ya ce kada a sake barin kowa ya shiga, ko don me.

Wilf ya ce ba komai, ya gane.

Ya gangara da kwandon zuwa bayan garejin bas. Ya mayar da Beryl kan sandarta, ya canja mata ruwa, ya zuba mata wake fiye da yadda ake ba tsuntsun da zai yi tsere. Sannan ya ɗauko guduma da ƙusoshi ya nufi ƙofar shawagi. Katakon sabo ne, ƙusoshin suka shige ba gardama.