Buhu Goma na Kashin Kaji

Shekarar da murar tsuntsaye ta shigo Kano, Hambali yana da kaji masu ƙwai ɗari shida a bayan gidansa, kusa da hanyar ruwa ta Bunkure. Su ne cinsa, su ne suturarsa. Tun da ya ji malamin dabbobi a rediyo yana cewa ciwon yana bin takalmi da tayar mota da kashin kaji, ya hana kowa shiga. Mai sarin ƙwai ma a bakin hanya yake tsayawa.

Ranar Laraba da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Surukinsa ne, Alhaji Muhammadu Sani, mahaifin matarsa Zuliha. Tun Hambali bai mallaki ko tsako ba Alhaji yake kawo masa takin kashin kaji buhu goma daga gonarsa ta Kura, kyauta, don albasar rani. Bai taɓa fashi ba.

Jiya a masallaci Hambali ya ji an ce kajin Alhaji suna mutuwa, kawunansu a kumbure.

Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Shekara sha biyu bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba.

"Baba, an zo lafiya? Ya kaji?"

"Da godiya. Sanyi ya ɗan taɓa su, ba wani abu ba." Alhaji ya juya wajen direbansa. "Uba, sauke. Kai su bayan gida inda aka saba."

Inda aka saba taku biyar ne daga ɗakin kaji.

Uba ya jawo buhun farko, ya suɓuce masa, ya faɗi ya fashe. Kashin ɗanye ne, ga gashin kaji a ciki. Ta ina mutum zai mayar wa suruki kyauta?

Sai ga jar kazar Zuliha, wadda take kiwo a tsakar gida, ta fito a guje. Ta haye kan takin, ta tona, ta tsattsaga, ta juya ta nufi lungun da ke kaiwa ɗakin kaji.

Hambali ya miƙe ya bi ta, ba takalmi. Ya kai mata hannu ta zille. Har ta cusa kai ƙarƙashin waya, ya damƙo ƙafarta. Kaji ɗari shida suna ta kuka a bayan wayar.

Ya dawo da ita a hannu, yana haki. A tsaye ya yi magana.

"Uba, kada ka sauke. Mayar da su."

Uba ya dubi maigidansa.

"Me ka ce?" in ji Alhaji.

"Baba, a yi haƙuri. Akwai ciwo a takin nan."

"'Yata na ba ka, ba ka ce da ciwo ba. Sai kashin kaji?"

Zuliha ta fito da kwanon ruwa, ta durƙusa. "Baba, ko ruwa ka sha."

"Ajiye. Kada in shafa wa kwanonku."

Ya shiga mota. Suka tafi da buhu tara.

Hambali ya haƙa rami nesa da gida. Ya kwashe takin har da ƙasar wurin, ya yanka kazar, ya haɗa da rigarsa, ya zuba kananzir ya ƙone, ya binne. Ya yi wanka da ruwan magani. Zuliha tana kallo, ba ta ce kazarta ba.

Kwana bakwai yana leƙa ɗakin kajin kowace safiya, yana duban kawuna. Ba wadda ta kumbura. A cikin kwanakin ma'aikatan gwamnati masu fararen kaya suka je Kura, suka kashe kajin da suka rage wa Alhaji.

Ranar Juma'a Hambali ya je jaje. Ya durƙusa daga bakin zaure, nesa da gonar. Ya gaisar sau uku. Alhaji yana jan carbi, bai amsa ba.