Saƙar Najiba Ta Karɓu a Daji

Najiba ta koyi saƙar kwarashi ne a wani horo da wata ƙungiya ta shirya wa mata a Faskari. An kafa rumfa, wani mai babbar riga ya yi jawabi cewa sana'ar hannu ce maganin talauci da rashin tsaro, aka ɗauki hoto, aka watse. Yawancin matan da aka raba wa kwarashi da zaren ulu sun sayar da su kafin su isa tasha. Najiba ce ta ɗauki jawabin da gaske. Ta koma Ruwan Godiya tana saƙa 'yan jakunkuna da ribom na gashi. Daga baya ta gano cewa siririyar wayar tagulla da ake warwarowa daga matacciyar fanka ita ma tana saƙuwa. Sai ta riƙa zura mata ƙananan duwatsun ado, tana fitar da 'yan kunne da abin wuya da awarwaro. Ranar kasuwar Yankara kayanta ba sa kai la'asar a faranti.

Mijinta Mani manomi ne. Ta taɓa saƙa masa jakar salula, baƙa mai layin shuɗin dutse. Ya ce abin mata ne, amma kullum tana aljihunsa. Tana aljihun nasa ranar da 'yan bindiga suka ɗauke shi a gonar masara, farkon damina.

An yi abin da aka saba yi. An sayar da shanun huɗa da gonar fadama, dangi suka kawo abin da ya sawwaƙa. Mas'udu ne ya kai kuɗin fansar, wani ɗan acaɓa da ya san hanyar daji, kuma ba a tambayarsa yadda aka yi ya sani. Ya dawo shi kaɗai a kan babur.

"Ina yaron?" in ji Goggo Talatu, mahaifiyar Mani, tun bai kashe injin ba.

"Lafiyarshi lau, Goggo. Kuɗi sun cika, ogansu ma ya yaba. Sai dai akwai ɗan saƙo." Ya zaro jakar salular daga aljihu ya miƙa wa Najiba. "Matar oga ce ta ga wannan. Za a yi bikin ƙanwarta, tana son kayan ado irin naki. In an kai, sai su sako shi."

Ya buga lamba ya ba ta salularsa. Muryar yarinya ce, mai fara'a, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Yaya Najiba? Ni ce Baraka, matar oga. Wallahi hannunki na da kyau! Kina da ruwan goro? Ban son ja, ja ya yi ƙauyanci."

"Malam fa?" in ji Najiba. "Ya jikinshi?"

"Yana nan, ya ci abinci. 'Yan kunnen ki yi su dogaye, masu lilo."

Da aka kashe, Goggo ta ce, "To, ki zage. Ki yi masu abin da ba su taɓa gani ba, su ji kunya su sako mani ɗana."

Najiba ta zage. Ta sayi matattun fankoki wajen mai gyara, ta warware tagullar ta goge ta da toka. Kowane bakin waya sai ta lanƙwasa shi ciki don kada ya karci fata. Ta yi abin wuya mai hawa-hawa wanda ko amaren cikin gari ba ta taɓa yi wa irinsa ba. Mas'udu ya kai.

Kayan sun karɓu. Sun karɓu ƙwarai. Ƙawayen amarya suka gani suka ce su ma. Matar wani ogan a dajin Sabuwa ta aiko a yi mata shigen na Baraka amma ya fi shi. Kowace tafiya Mas'udu kan dawo da gaisuwa da sabuwar oda, wani lokaci har da man shanu a kwalba, tukuici. Kowace oda kuma ita ce ta ƙarshe. Masara ta yi bunƙasa a gonar da yanzu ta wani ce, ta fid da kai, Najiba na zaune bakin ƙofa tana saƙa. Maganar mai babbar riga ta tabbata ta wani gefen: ba a ƙara taɓa gidansu ba.

Wata ranar Juma'a wani malamin firamare ya yi sallama. Sunansa Salim, an sako shi kwanan nan daga sansanin da Mani yake. Ya zauna a tabarma yana kallon ƙasa.

"Ba a dukanshi," in ji shi. "Mijin mai saƙa suke ce mishi, har shayi ake ba shi. Amma marin ƙarfen da ke ƙafarshi ya ci nama. Ciwon ya fara wari. Ba ya iya tsayuwa sallah." Sannan ya ƙara da cewa, "A can mutane iri biyu ne. Wanda aka biya wa ya tafi gida, wanda aka kasa biya wa a kai shi bayan dutse. Shi ba ya cikin ko ɗaya. Ba na jin zai kai kaka."

Bayan ya tafi Najiba ta ajiye kwarashin.

"Goggo, kyan aikin nan ne ke riƙe da shi. In dai ina yi, ba za su sako shi ba."

"In kin daina fa? Ba ki ji inda ake kai marasa amfani ba?"

"Ba dainawa zan yi ba. Ɓatawa zan yi. Su gaji da ni da kansu."

"Ke ɗiyar nan, da ran ɗana za ki yi caca?"

"Ƙafarshi na ruɓewa, Goggo."

"Yana numfashi dai! Yana shan shayi!"

Goggo ta yi kuka, ta ambaci nonon da ta shayar da wahalar da ta sha. Najiba ta miƙe. Ta ɗauko zaren da ta san yana zuba, ta fara.

Mugun aiki ya fi mata wuya. Sai ta bar bakin waya a tsaye, ta duba ta ga yatsunta sun riga sun lanƙwasa shi, sai ta sake buɗewa. Ta bar ƙulli a sake, ta haɗa kore da ruwan hoda, ta yi ɗan kunne ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo. Da Mas'udu ya zo karɓa ya ɗaga wani awarwaro ya juya shi.

"Hajiya, kin tabbata?"

"Kai dai kai masu."

Aka yi kwanaki ba labari. Goggo ta daina yi mata magana, sai dai ta wuce ta gabanta da carbi tana jan Hasbunallahu da ƙarfi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai su miƙe tare, kowa ta nata ɗakin.

Ranar da Mas'udu ya dawo, ledar kayan na rataye a hannun babur. Bai zauna ba. Ya buga lamba ya miƙa.

"Haba Yaya Najiba," in ji Baraka. Babu faɗa a muryarta, tausayi ne zalla. "Abin wuyan ya yanke ni, jakar kuma ta ɓata mani mayafi. Oga ya hasala, ya ɗauki bindiga, ni na riƙe shi. Na ce mishi wannan ba halinki ba ne, damuwa ce ta yi maki yawa. Ga miji ba lafiya, ga aiki, ga uwar miji."

"Yana da rai?"

"Yana da rai, amma gaskiya asibiti yake so, warin ya dame mu. Shi ya sa na samo mana dabara. Ke ki zo, shi ya tafi. Akwai inuwa, akwai nono, ba mai sa maki mari. Ki zauna ki yi aikinki hankali kwance, mu ma ki koya mana. Ko ba ki ga na kyauta ba?"

"In na ƙi fa?"

"Kai, Yaya. Kada ki ba ni kunya gaban oga."

Salular a buɗe take, Goggo ta ji komai. Najiba ta dube ta. Tsohuwar ta gyara ɗaurin zaninta, ta ce bari ta duba akuyar nan ko ta kwance, ta zagaya bayan ɗaki. Ba ta fito ba.

Najiba ta aika wa gidansu cewa za ta je jinya. Ta ɗaure kwarashi da tagulla da ragowar duwatsu a ɗankwali.

Da hantsi suka bar gari. Bayan gonakin ƙarshe, inda hanya ta zama 'yar siririya tsakanin dogayen ciyayi, Mas'udu ya tsaya ya kashe injin. Wani babur ya ɓullo daga gaba. An ɗaure Mani a bayan mai tuƙin da rawani don kada ya faɗi, kansa na kwance a kafaɗar mutumin, ƙafarsa naɗe da tsumma ƙudaje na bi. Aka kwance shi aka ɗora a babur ɗin Mas'udu, aka sake ɗaurewa.

"Malam," in ji Najiba. "Malam, ni ce."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi ƙullin da ke hannunta.

"Kin zo tarbata?" in ji shi.

"Na zo."

"Hawo mu tafi, to."

"Ku yi gaba. Babur ɗin ba zai ɗauke mu mu uku ba."

Ya gyaɗa kai ya mayar da idonsa ya rufe. Mas'udu ya tayar da injin bai kalle ta ba. Ɗayan mutumin ya gyara bindigar da ke rataye a bayansa ya mayar da ita gaba, don ta samu wurin zama.