Sallama a Ƙofar Jirgin da Ya Nutse

Hamissou direban tasi ne a garin Landover, can ƙasar waje, amma jinin Sarkawan Gaya ne, masuntan bakin kogi, ruwa bai taɓa ba shi tsoro ba. Duk hutu yakan bi masu nutso zuwa jiragen da suka nutse tun yaƙin duniya. Ɗabi'a ɗaya abokansa ke yi masa dariya a kanta: ba ya shiga jirgi sai ya ƙwanƙwasa sau uku da ƙotar wuƙa.

"Gidan matattu ma gida ne," in ji shi.

Ran nan, a zurfin mita saba'in, ya ƙwanƙwasa ƙofar wani jirgin kaya. Sai aka amsa daga ciki, sau uku, cikin natsuwa irin ta dattijo. Ya waiwaya, ga abokansa biyu a bayansa, ba abin da suka taɓa.

Gudu ba hali, don wanda ya haura da sauri daga wannan zurfi jininsa kumfa zai yi. Dole ya bi igiyar da suka sauko da ita, yana hawa zango-zango, awa biyu cur.

A zangon farko ya ji wani ya kama igiyar daga ƙasa, alhali abokansa duka biyu suna samansa. Nan ya tuna, a garinsu ba a barin baƙo ya tafi ba rakiya.