Wanda Ya Tsaya wa Auta

Da Auta ya bar aikin gidan burodi, akwai bashin mai gidan a wuyansa, kuɗin da ya ranta ya sayi babur. Ya ce zafin tanda ya ishe shi, gara ya yi haya da babur ɗinsa ya sha iska. Alkawarin biya wata-wata kuwa sai ya bi ruwa. Da fari mai gidan yana damunsa da kira, Auta yana kifa waya. Can sai kiran ya ɗauke ɗif. Gogan naka har da bugun ƙirji a gaban abokai, wai mutumin ya gaji ya haƙura.

Matarsa ce ta tasa shi gaba da mita, har wata safiya ya cusa ɗan abin da ya samu a aljihu ya nufi gidan burodin, yana shirya ƙaryar da zai yi. Bai tarar da kowa a ofis ba, sai ya zagaya ɗakin gashi.

A bakin tandar da ya gudu ya bari, wani tsoho ne tsaye da singileti jiƙe sharkaf, yana zaro faranti da doguwar sanda, damtsensa duk tabon ƙuna. Tsohon ya juyo. Sai Auta ya ga ashe mahaifinsa ne.

"Baba! Me kake yi a nan?"

Mai gidan ne ya amsa daga bayansa. "Au, ba ka sani ba? Ai shi ya tsaya maka ranar da na ba ka rancen. Da ka daina ɗaga waya, shi na kira. Na ce ya bari, wallahi na ce ya bari. Ya ce ba shi da kuɗi, amma yana da hannu."

Kunya da tsoro suka rufe Auta. Ya zaro kuɗin da gaggawa, wasu suka zube cikin garin fulawa a ƙasa.

"Ga su, Baba, ga su! Don Allah ajiye sandar nan mu tafi gida."

Baba ya dubi kuɗin, ya goge goshi da bayan hannu.

"Waɗannan ba su kai ba, na fi ka sanin abin da ya rage. Kada ka gaya wa uwarka, ita ta ɗauka hira nake fita. Matsa min, burodin mutane zai ƙone."