Lokacin Shayar da Shanun Malam Kalilu

Shekara goma sha tara ina hedimasta a wani ƙauye kusa da Mai'aduwa, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne jawabi. Don haka da Raihana, wadda ta fi kowa lissafi a aji shida, ta yi wata guda ba ta zo makaranta ba, ga jarrabawar shiga sakandare saura mako bakwai, sai na zuba babbar riga na hau babur zuwa rugarsu.

Na tarar da mahaifinta, Malam Kalilu, a gindin gawo. Na yi masa bayanin amfanin ilimi har maƙogwarona ya bushe. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙo mini ƙwaryar nono.

"Malam, duk gaskiya ka faɗa. To wa zai kora mini sa?"

Ashe rijiyar da suke shayar da shanu zurfi gare ta, sa ne ke jan guga. Mutum ɗaya a bakin rijiya, ɗaya yana kora san. Kowane gida da lokacinsa tun kakanni, nasu kuwa hantsi ne, daidai lokacin makaranta. Yayan Raihana ya tafi cirani, aikin ya faɗo kanta.

Na ce, "A yi musayar lokaci da wani mana."

Ya dube ni da tausayi. "In je in roƙi mutum abin da ya gada? Da wane ido?"

Na komo ina ƙorafi a gaban Inna Yelwa, mai ƙosai a ƙofar makaranta.

Ta ce, "Hedimasta, wa ke da la'asar?"

"Ban tambaya ba."

"Duk daɗewar nan da ka yi? To me kuka tattauna?"

Na ce ta ƙara mini yaji.

Mai la'asar ɗin ƙaninta ne, Hamma. Ta san ya daɗe yana son hantsi, don shanunsa nesa suke kiwo, amma shi ma kunya ta hana shi buɗe baki. Ta je ta same shi.

"Kai ne ƙarami, kai za ka roƙa. Tashi, kada in kai ka da kunne."

Hamma ya je ya durƙusa. Malam Kalilu ya ce ai zumunci ya fi hantsi, ya bar masa, shi ya karɓi la'asar.

Ranar Litinin Raihana ta shigo aji, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda igiya. Ta rubuta jarrabawar, yanzu tana sakandare a Daura. Malam Kalilu yana ba da labarin alherin da ya yi wa Hamma, mutanen gari suna yaba wa hedimasta, ni kuwa ba na yin musu da ƙarfi. Amma duk sanda na ɗaga hannu bayan salla, sunan Inna Yelwa yana bin na iyayena.